Daga Kwando Zuwa Injin Yasa: Tarihin da Ya Shafi Madatsarmu

A taronmu na baya an kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu ɗauko hayar ƙaramin injin yasa, domin madatsar garinmu da ta cike da laka. Wasu sun ce kuɗin ya yi yawa, wasu sun ce gayya ta isa. Ni da na girma a Karantina ta Jidda, kusa da tashar jiragen ruwa, ina so in ba da tarihin wannan inji kafin mu yanke hukunci.

Sunan unguwarmu ya samo asali ne daga wurin killace alhazai saboda annoba. Kakata ta biyo ta Sudan, ta tsallako Bahar Maliya daga Sawakin. Takan ba mu labarin cewa a da manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓar Jidda, saboda duwatsun cikin ruwa da rashin zurfi. Can nesa suke tsayawa, sai ƙananan kwale-kwale su kwaso mutane da kaya. Wannan gaɓa ce aka haƙa, aka zurfafa, har ta zama babbar tashar da muka buɗe ido muka gani. A tsakiyar shekarun 1970 jirage sun riƙa yin layi na watanni kafin su sauke kaya, kuma a 1976 aka kafa hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Saudiyya, aikin faɗaɗawa ya ƙara ƙarfi.

Yasa ba baƙon aiki ba ne a wurinmu. Mun san masu yasar rijiya da igiya da guga. Haka ma aka fara Mashigin Suwez a 1859: talakawan Masar da fatanya da kwando, bisa aikin tilas. Da aka dakatar da tilas ɗin wajajen 1864, sai 'yan kwangilar Faransa, Borel da Lavalley, suka kawo injuna masu aiki da tururi, masu jerin bokitai a kan sarƙa, suna ɗebo laka daga ƙasan ruwa. Su suka kwashe mafi yawan ƙasar, aka buɗe mashigin a watan Nuwamba 1869. Daga nan jiragen alhazai suka ƙaru a hanyar Jidda.

Bayan bokitai sai aka koma tsotso. A sa wani kai mai haƙora ya riƙa juyawa yana farfasa laka, famfo ya zuƙo ta haɗe da ruwa, bututu ya kai ta tudu. Kamfanin Ellicott na Baltimore a Amurka, wanda aka kafa a 1885, ya ƙera irin waɗannan injuna don aikin Mashigin Panama. Amma duk ƙatti ne, sai gwamnati ke iya ɗaukar nauyinsu. Irinsu aka yi amfani da su a yasar Kogin Neja daga Warri zuwa Baro, da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar a 2009. Irinsu ne kuma suka tone yashi suka kuɓutar da jirgin Ever Given da ya toshe Suwez a watan Maris 2021.

Sauyin da ya shafe mu ya zo ne a farkon shekarun 1970, lokacin da aka fito da ƙananan injuna irin su Mud Cat a Amurka. Ana ɗora su a kan tirela, a sauke su cikin tafki ko madatsa mara zurfi, mutum ɗaya ko biyu su sarrafa su. Wato aikin da a da sai hukuma, yanzu ƙungiya ma tana iya yin lissafinsa.

To amma ga abin da na gani da idona. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, alhazai na Mina, ruwan sama na 'yan sa'o'i ya mamaye Jidda, mutane fiye da 120 suka rasu. Garin da ke da manyan injuna a bakin teku, hanyoyin ruwan cikinsa sun kasa. A lungunmu mun yi kwanaki muna kwashe taɓo da shebur da bokiti. Na fahimci cewa laka ba ta zuwa rana ɗaya. Kaɗan-kaɗan take taruwa, mutane na kallo. Mutanen kwarin Haɗeja da Nguru sun san haka, tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa, laka da kacalla suka toshe masu hanyoyin ruwa.

Saboda haka ina goyon bayan ɗauko injin, amma da sharuɗɗa uku. A tanadi filin da za a zuba lakar, nesa da gaɓa, don kada damina ta mayar da ita. A ware kuɗin man inji da gyara tun kafin a fara. Sannan a dawo da gayyar yasar magudanai duk shekara, a kuma dasa itatuwa a kan hanyar ruwan, domin daga can ƙasar ke gangarowa.

Rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021 ya watsa mu, da yawanmu mun fara tunanin komawa gida. Idan mun koma, ruwan wannan madatsa za mu sha, da shi 'ya'yanmu za su yi noman rani. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.