Wutar daji a bakin gari: Yadda take cin gidaje a yankin Jega, Aliero da Maiyama

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa kuma ciyawa ta bushe ƙarau, ƙauyukan da ke gefen daji a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama na jihar Kebbi, irin su Gehuru, sukan shiga watannin da suka fi haɗarin gobara. Lokacin ne kuma amfanin gona na shekara ke cikin rumbu.

Mafarin wutar

Galibi mutum ne ke cinna ta: mafarautan da ke koro gafiya da zomo, masu ɗiban zuma, masu ƙona gawayi, manomin da ke sharar gona, ko makiyayin da ke son sabuwar ciyawa ta tofo.

Sau da yawa tartsatsin da iska ke ɗaukowa ne ke fara kama gida tun kafin harshen wutar ya iso. Yakan sauka kan jinka, ko tarin harawa da kara da aka jibge a kan rumfa. Darnin kara da zana kuwa sukan zama gadar da wuta ke bi daga gida zuwa gida. A Aliero, wadda ta yi suna wajen noman albasa, rumfunan kara da ciyawa da ake adana albasar na cikin irin wannan haɗari.

Rigakafi

Mataki na farko shi ne share fili kewaye da gari da rumbuna tun a ƙarshen damina, a bar ƙasa tsirara inda wuta ba za ta sami abin ci ba. A Jamhuriyar Nijar, ana share irin waɗannan layuka a makiyayar jihohin Maraɗi da Tawa, ana biyan mazauna ladan aikin. A jihar Kaliforniya ta Amurka, inda gobarar garin Paradise ta kashe mutum 85 a Nuwamban 2018, doka ta wajabta wa masu gidaje a gefen daji su rage ciyawa da busassun itatuwa har nisan ƙafa 100, wato kimanin mita 30.

Sauran matakan su ne nisanta harawa da rumbu daga ɗakunan kwana, maye darni da katangar ƙasa, da yin ƙuna mai tsari da sassafe ko da yamma, lokacin da iska ta kwanta.

Alhakin wa?

Tun 2011 Najeriya ke da ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai, waɗanda hukumar kare muhalli ta NESREA ke da alhakin aiwatarwa. Amma doka ba ta kashe wuta, kuma motar kashe gobara da ta taso daga birni ba ta cika riskar gidan kara a tsaye ba. Ghana, bayan mummunar wutar dajin 1983, ta yi doka a 1990 da ta tanadi rundunar 'yan sa-kai masu yaƙi da gobara a garuruwa.

Tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, matasa na da hurumin tambayar shugabanninsu da kansiloli: nawa aka ware wa sharar bakin gari da horar da 'yan sa-kai kafin hunturu ya shigo?