Damargu da Masu Zanen Gilashi

Daga cikin hikimomin da ma'abota sana'ar sinima suka ƙaga tun farkon al'amarinsu, akwai wata wadda akasarin masu kallo ba su san da ita ba, domin sharaɗin kamalarta shi ne kada kowa ya gane an yi ta. Idan labari ya bukaci a nuna fada mai benaye ko birni bisa ƙwanƙolin dutse, alhali kuwa gina su zai cinye dukiyar kamfani ƙaf, sai a gina ƙofa kaɗai da ɗan bangon da 'yan wasa za su tsaya a gabansa, sa'an nan a kafa faffaɗan gilashi tsakanin kyamara da wurin, mai zane ya cike sauran ginin da sararin samaniya da fenti a jikin gilashin, ya bar ƙasansa garau yadda za a hangi mutane ta ciki. Wahalar aikin duk tana wurin haɗin, inda zane ya ƙare hakika ta fara. Kamar ɗinkin gyartai ne a jikin ƙwarya, sai dai shi wannan ba a yarda a ga sawun zarensa ko kaɗan. Wajibi ne kyamara ta tsaya cik, wajibi ne kuma inuwar da ke cikin zane ta dace da ta rana, ga shi kuwa rana ba ta jiran kowa.

Mutumin da aka fi jingina wa farkon wannan fanni shi ne Norman Dawn, wanda a shekarar 1907 ya ɗauki hoton tsofaffin majami'un Kalifoniya, ya mayar musu da sassan da suka rushe ta hanyar fenti a gilashi. Daga baya aka koma rufe wani sashe na hoton da baƙi tun wurin ɗauka, a je ɗakin aiki a cike gurbin a natse. Da irin wannan dabara Walter Percy Day ya kafa duwatsun Himalaya a fim ɗin Black Narcissus na 1947, ba tare da 'yan wasan sun bar Ingila ba. Wajen 1990 kwamfuta ta fara karɓe aikin daga hannun masu buroshi.

Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Tanut ko Balbeji, a ƙasar Damargu, da wannan? Da ruwansa kuwa. A 1924 wani marubuci Ba'ingile, P. C. Wren, ya wallafa ƙagaggen labari mai suna Beau Geste, wanda ya soma da hirar wani hafsan Faransa da abokinsa a cikin jirgin ƙasa da ya taso daga Kano, kuma jigonsa wani barikin soja ne da ya laƙaba wa suna Zinderneuf, ya aza shi can arewa da Damagaram. Duk wanda ya san hanyar Damagaram zuwa Agadas ya san babu makawa sai an ratsa Damargu, tun da Tanut tana kimanin kilomita 150 arewa da birnin Damagaram. An mayar da labarin fim a 1926, aka sake a 1939 da Gary Cooper, duka biyun kuma a tuddan rairayi na kusa da Yuma a Amurka aka gina barikin. Aka kuma maimaita a 1966 a kamfanin Universal, inda Albert Whitlock, gwanin gwanayen wannan zane, yake shugabantar sashen zanen a zamanin. Ta haka ne jama'a masu ɗimbin yawa a duniya suka ɗauki sura guda game da abin da ke arewa da Damagaram, watau rairayi iyakar ganin ido, ba gona, ba rijiya, ba kasuwa, sai mahaya raƙuma masu kawo hari.

Ni dai ina girmama gwanintar waɗannan masu fasaha matuƙa, amma abin da ke ci mini rai shi ne, haɗin da suke ɓoyewa ya fi ɓoyuwa idan an nuna wa mai kallo abin da dama shi yake zato, kuma abin da aka zata game da ƙasar nan ya saɓa wa hakikarta nesa ba kusa ba. Damargu rumbun Azbin ce. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauko daga Azbin tare da ayarin gishiri na Kel Ewey, ya iso Tagelel a watan Janairu na 1851, inda ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, abin da ya shaida a littafinsa shi ne ƙauyuka da gonakin gero da rumbuna, waɗanda da su mutanen duwatsun arewa suke rayuwa. Kai, hatta hotunan da suka ƙawata littafin nasa na 1857 zuwa 1858, Johann Martin Bernatz ne ya kammala su a Jamus daga zane-zanen da Barth ya yi a hanya, shi kuwa bai taɓa taka ƙasar ba. Sai dai shi yana da shaidar mai gani da ido a gabansa, abin da masu fim ɗin ba su nema ba.

A ƙarshen ƙarni na sha tara fataken Gadamus da Tarabulus sukan yada zango a Jajiduna ta Damargu, suna sayen gashin jimina da fatu, raƙuman Buzaye suna lodin gero zuwa arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan fatauci suka juya zuwa bakin teku, hanyar hamada ta yi sanyi tun kafin Wren ya ɗauki alƙalami. Amma noman bai tsaya ba, kuma har yanzu, a shekarar da damina ta yi albarka, geron kasuwannin Damargu yana hawa arewa zuwa Agadas, yanzu a bayan manyan motoci.