Damin furen da ake ci: yadda kofkek ya sami gurbi a tiren Doha

Damin furen kofkek ƙananan kek ne da ake yi wa ado da kirim ɗin bota har su yi kama da furanni, sannan a jera su a kwali ko kwando tamkar damin fure. A Doha, babban birnin Katar, ana kai shi barka da murnar biki, ana kuma ajiye shi a tsakiyar teburin walima.

Asalin kek ɗin daga Amurka ne. A 1796 Amelia Simmons ta bayyana yadda ake gasa kek a ƙananan kofuna, a 1828 kuma sunan ya fito a littafin girkin Eliza Leslie. Ya daɗe yana abincin yara. Tashensa a duniya ya biyo bayan gidan kek na Magnolia, wanda aka buɗe a New York a 1996, ya yi suna a 2000 bayan an nuno shi a wani shirin talabijin. A 2010 gidan ya buɗe reshe a Dubai, daga baya ya iso Doha.

Sai dai baƙon ya tarar da gida a share. Tun da can mutanen Katar ba sa tarbar mutum a majalisa ba tare da gahawa da dabino ba, al'adar da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2015. Suna da luƙaimat, ɗan'uwan yar-yau, suna da kanfarush, ɗan ƙaramin kek mai za'afaran. A daren Garangao, a tsakiyar Ramadan, yara kan zaga gidaje da jakunkuna suna karɓar alewa da gyaɗa. Ga kuma tiren cakulan mai ado da ake kaiwa gidan haihuwa da na aure, sana'ar da kamfanoni irin su Patchi, wanda aka kafa a Bairut a 1974, suka shahara da ita. A kan wannan tire kofkek ya zauna. Duk wanda ya san yadda ake jera alkaki da dubulan a kayan gara ya san cewa ido ne ke fara ci.

Aikin na buƙatar hannu. Ana ɗura kirim a leda mai bakin ƙarfe, a matso shi fele-fele har fure ya tashi. Ana haɗe ƙananan kofunan roba, ɗaya a tsakiya, shida a kewaye, a ƙara 12 idan ana son babba, a saka kofkek ɗaya a kowane kofi, shi ya sa dami kan zo da 7 ko 19. Koriyar takarda da ake cusawa a tsakani ita ce ganye. Ranar 18 ga Disamba, ranar ƙasa, launukan tuta ne ke tashe: fari da ja mai duhu.

Babban abokin gabar sana'ar shi ne zafi. A bazarar Doha yakan haura digiri 40, bota kuwa tana narkewa kafin zafi ya kai 35. Don haka damin yana jira a firji, a ɗauke shi a mota mai sanyi, a ɗora shi a tebur dab da isowar baƙi.