Ganga a Madadin Baki: Balen Gaya da Dandamalin Landan na Zamanin Sarakuna Joji

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a nazarin wasan kwaikwayonmu, cewa Bahaushe da maƙwabtansa ba su san wasa babu kiɗa ba, saboda haka duk inda aka ga ganga a kan dandamali, al'ada ce ta yi halinta. Maganar tana da madafa. Tashe da waƙa ake yin sa, bori ba ya hawa sai da goge ko garaya, 'yan kama da 'yan gambara kuwa kiɗa ne jarinsu. Sai dai ba ta amsa tambayoyin da ke hana mai shirya wasa barci: a ina waƙa za ta shigo, wa zai yi magana, wa zai yi shiru, ina 'yan rawa za su fuskanta, yaushe za a tashi? Ra'ayina shi ne, al'ada tana ba da kayan aiki, amma mai dandamali ne ke yanka su, ko doka ce, ko gasa, ko kunnen 'yan kallo. Zan kafa hujja da wasan rawa mai labari da ake kira bale a Nijar, wanda garin Gaya ya yi suna a kansa, in kuma leƙa Landan ta ƙarni na 18, inda aka rubuta irin wannan yanka a takardar doka har kowa na iya karantawa.

Gaya tana gaɓar kogin Isa, wanda mutanen Najeriya ke kira Kwara, a ƙasar Dandi, kudancin jihar Doso. Tsallaken ruwa Malanbil ce ta Jamhuriyar Benin, gada ta haɗa su tun 1958, Kamba ta jihar Kebbi kuma tana nan kusa ta gabas. Kyangawa ne ake ɗauka a matsayin 'yan ƙasa na farko, ga Dandawa, ga Zabarmawa, ga Hausawa, ga Fulani, ga sorkawa masu su a bakin ruwa, ga fataken da kasuwannin iyaka uku suka jawo. Duk wanda zai tara jama'a a irin wannan gari ya ba su labari, da wuya ya sami harshe guda da zai ratsa kowane kunne daidai wa daida.

Shi bale, a siffar da aka san shi, ba daga dandalin ƙauye ya faɗo ba. Yana da salsala ta makaranta. A shekarun 1930, ɗaliban makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen da take mulka, sun riƙa tsara wasanni da Faransanci suna cusa waƙoƙi da raye-rayen garuruwansu a tsakani. Mahamane Dandobi, wanda ya rubuta wasa kan Kabrin Kabra na ƙasar Arewa a shekarun 1950, daga wannan zuri'a yake. Sannan Fodeba Keita ya kafa ƙungiyarsa ta raye-rayen Afirka a Faris, wadda daga baya ta zama ta ƙasar Gini, ya nuna yadda ake ɗauko rawar da ake kwana ana yi a gida, a datse ta, a jera 'yan rawa sahu-sahu su fuskanci masu kujeru. Wannan juyi na ƙarshe shi ne mafi girma. A dandali da'ira ake yi, mai kallo yanzu shi ne mai rawa an jima, makaɗi kuma yana bin ƙafar wanda ya shigo fage. A dandamali an ja layi tsakanin mai yi da mai gani, ƙafa ce kuma ke bin makaɗi, domin an riga an ƙidaya komai a wurin gwaji.

Wanda ya ba wannan siffa gida a Nijar shi ne mulkin soja. Bayan Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974, ya rushe jam'iyya, sai ya nemi wata igiyar da zai riƙe matasa da ita, ya farfaɗo da samariya, da sarkin samari da muƙarrabansa, a kowace unguwa da kowane ƙauye. A 1976 aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, aka riƙa zagayawa da shi manyan biranen jihohi, a watan Afrilu, daidai da zagayowar ranar juyin mulkin. Gasa ce ta hawa-hawa: a tace a gunduma, a sake tacewa a jiha, wanda ya tsira ya wakilci jiharsa a gaban alƙalai da manyan ƙasa. Abin lura a nan shi ne rabon rukunai. Wasan kwaikwayo na magana rukuninsa daban, waƙa daban, bale daban. Da zarar an raba su haka, an gaya wa mai shirya bale cewa makinsa ba a baki yake ba. Dole labarinsa ya fito daga kiɗa, da amshi, da sutura, da motsin jiki, in ma an yi magana to 'yar kaɗan ce.

A nan ne Landan ke da abin faɗa mana. Tun 1662 da 1663 Sarki Charles na Biyu ya ba mutum biyu, Killigrew da Davenant, takardun izinin yin wasan kwaikwayo, waɗanda suka gangaro ga gidajen Drury Lane da Covent Garden. A 1728 John Gay ya fito da The Beggar's Opera, wasan ɓarayi da karuwai da masu sayen kayan sata, aka ɗora sababbin baituka a kan karin waƙoƙi 69 da yawancinsu mutanen titi suka riga suka sani. An yi shi sau 62 a kakar farko, abin da ba a saba gani ba, kuma kowa ya gane da Firayim Minista Robert Walpole ake. Aka hana wasan da ya biyo bayansa, Polly. Da Henry Fielding ya ƙara matsa wa gwamnati da zambo a ƙaramin gidan Haymarket, sai majalisa ta yi dokar 1737: kowane sabon wasa a kai shi ofishin babban jami'in fada kwana 14 kafin a nuna, wasan magana kuma ya tsaya a gidajen da ke da izinin sarki. Wata doka ta 1752 ta ba alƙalan unguwanni ikon ba da lasisin kiɗa da rawa kawai ga sauran gidajen nishaɗi.

Sakamakon yana da ban dariya, yana kuma da ban tausayi. A 1787 ɗan wasa John Palmer ya buɗe gidan Royalty a gabashin birnin da wasan Shakespeare. Dare ɗaya ya yi, manyan gidajen suka tsorata shi da doka, ya koma kiɗa da rawa. Ana ba da labarin wani ɗan barkwanci mai suna Delpini da aka gurfanar saboda ya ambaci gasasshen nama a kan dandamali ba tare da kiɗa na tafiya ba. Ƙananan gidaje irin su Sadler's Wells da Royal Circus suka fake da wani nau'i da ake kira burletta, wanda a ƙa'ida rerawa ake yi daga farko har ƙarshe. Abin da ba ya reruwa sai a rubuta shi a ƙyalle a ɗaga wa 'yan kallo su karanta. A 1809 Robert Elliston ya nuna Macbeth a Royal Circus ta hanyar kiɗa da motsin jiki, ya kuma mai da zantukan The Beggar's Opera kanta baituka masu amsa-amo don a rera su. Da tafiya ta yi nisa sai aka sassauta: a sa waƙoƙi kamar biyar a kowane kashi na wasa, mai fiyano ya riƙa ɗan taɓa kayansa jefi-jefi, shi ke nan an cika sharaɗi. Sai 1843 aka soke wannan babakere.

Kada a ce doka ce kaɗai. Su ma manyan gidajen da ke da 'yancin magana kiɗa ya cinye su, don wani dalili na gini. Drury Lane da aka sake ginawa a 1794 tana ɗaukar mutum fiye da 3,600 a wancan lokaci. Wanda ke can sama ba ya jin raɗa, ba ya ganin ɗaga gira. Saboda haka a 1802, a Covent Garden, Thomas Holcroft ya kawo A Tale of Mystery daga Faransa, wasan da makaɗa ke sanar da shigowar mugu da firgitar yarinya, kuma ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan bebe ne a labarin. Doka ta rufe bakin ƙananan gidaje, faɗin zaure ya rage amfanin baki a manya, duka biyun suka kai ga sana'a guda.

To, a Nijar ba wanda ya haramta magana, kuma wannan bambanci ne da bai kamata a shafe shi don kwatance ya yi kyau ba. Zamanin Kountché shi ne ma lokacin da wasan magana da Hausa ya fi bunƙasa. Yazi Dogo da abokansa a Damagaram sun shiga kowane gida ta rediyo, sannan ta Tele Sahel, kuma Janet Beik ta rubuta littafi guda a 1987 kan wannan wasa, inda ta nuna cewa 'yan wasan ba haddar rubutu suke yi ba, labari suke tsarawa tare, kowa ya cika bakinsa a kan dandamali. Abin da nake cewa shi ne, kowace jiha ta nemi rukunin da ƙarfinta yake. Ɗan Damagaram ko ɗan Maraɗi yana da harshen da fiye da rabin ƙasar ke ji, yana da habaici da ba'a da gatse da ke sa zaure ya fashe da dariya. Ɗan Gaya da zai tsaya gaban Buzu da Babarbare da Bazabarme da Bafillace, kuma tun a gida ya saba da 'yan kallo masu harsuna barkatai, ya fi samun riba a rukunin da ƙafa da ganga ke ba da labari. Kayan aikin kuwa suna ƙofar gidansa, domin bale yakan ɗauki labarinsa daga farautar mahalba, da su, da noma, da aure, da sha'anin iskoki, kuma ƙasar Dandi, mai kogi da kurmi da ruwan sama fiye da ko'ina a Nijar, ba ta rasa ko ɗaya ba. Yawan harsuna ya yi wa Gaya abin da faɗin zaure ya yi wa Drury Lane, ƙa'idar gasa kuma ta yi mata abin da dokar 1737 ta yi wa Royal Circus.

Akwai farashi, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Bikin na gwamnati ne, jigoginsa sanannu ne: haɗin kan ƙasa, aikin gayya, illar tafiya cin rani, tsadar aure. Wasan magana yana iya cizon ɗan kasuwa maha'inci ko ƙaramin ma'aikaci maciyin hanci, ko da yake haƙoransa ba sa kaiwa sama. Bale ko wannan bai cika yi ba. Ya fi karkata ga nuna jiya cikin ado, a fito da abin da asalinsa ibada ce ko sirrin sana'a a mai da shi abin tafi. Amma shirun yana da nasa sutura. Abubuwan da malamin gari ba zai yarda a faɗa da baki a bainar jama'a ba, na tsafi da bori, sun hau dandamalin ƙasa da sunan raya al'adu, aka ba su kyauta. Jane Moody, a littafinta na 2000 kan haramtattun gidajen wasa na Landan, ta nuna irin haka: ƙananan gidaje sun nuna tawaye da faɗuwar azzalumai da jiki da wuta da kiɗa, abin da mai tace rubutu ba shi da alƙalamin gogewa.

Kano ta zo da juyin wannan labari. Can waƙa ce ake tuhuma, magana ce halal. Finafinan Hausa na bidiyo sun ɗauki rawa da waƙa daga finafinan Indiya, kamar yadda Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin suka bi diddigi, 'yan kasuwa kuma suka gane cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, aka sa wa rawar maza da mata tare takunkumi, aka ƙara tsanantawa a 2007. Waƙar ba ta mutu ba, wurin tsayuwarta a gaban kyamara ne ya sauya.

Saura batun ajiya, wanda a ganina shi ne ya fi gaggawa ga masu nazari a Yamai da Sakkwato. Dokar 1737 ta yi wa tarihi wani alheri da ba ta nufa ba. Tunda dole a kai rubutu ofishin tacewa, sai rubutun ya taru. John Larpent, wanda ya riƙe aikin daga 1778 zuwa 1824, ya bar tarin wasanni kusan 2,500, suna ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya ta Amurka, har da wuraren da aka ja wa layi. Abin da aka yi da jiki a ƙananan gidaje kuwa, da yake bai bi ta wannan ofis ba, sai dai a tsinto shi daga takardun talla da sharhin jaridu da ƙorafin abokan gaba. Balen Gaya yana cikin wannan rukuni na biyu. Hoton talbijin, inda ya tsira, yana nuna daren gasa ne daga kusurwar da mai kyamara ya zaɓa. Ba ya nuna abin da aka yanke daga rawar asali don ta shiga lokacin da alƙalai suka ba da, ko dalilin da ya sa aka sa zabiya a dama makaɗa a hagu, ko wane dattijo aka nemi izninsa kafin a fito da wani kiɗa. Waɗannan suna kan masu koyar da rawa da makaɗa da matan da suka yi amshi, kuma wanda yake ɗan shekara 20 a bikin Damagaram na 1976 an haife shi ne a 1956. Mai son rubuta wannan tarihi zai buƙaci Dandanci da Zabarmanci da Hausa, da na'urar ɗaukar murya, da haƙurin sa tsohon makaɗi ya buga kiɗa guda sau biyu, yadda ake yin sa a gida da yadda aka yi shi a gaban alƙalai.