Awon Tagogi da Ƙofofin Sauyi a Ƙarƙashin Dokokin Gini na Ingila: Nazari kan Matsayin Mai Awo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari kan awo da binciken da ake gudanarwa kafin a cire tsofaffin tagogi da ƙofofi a kafa sababbi a gidajen zama na Ingila, inda ta dubi tanade-tanaden Dokokin Gini na 2010 da ƙa'idar aiki mai lamba BS 8213-4. Hujjar da maƙalar ta kafa ita ce, da yake ana ƙera kowane firam ne daidai da girman da aka rubuto daga gidan, kuma ba ya gyaruwa bayan an ƙera shi, to ranar awo ce ake yanke kusan duk hukuncin da doka ta damu da shi, tun daga ƙarfin bango har zuwa iskar da mazauna gidan za su shaƙa.

Gabatarwa

Tun daga ranar 1 ga Afrilu 2002 sauya taga a gidan zama a Ingila ya shiga cikin ayyukan da dokar gini ke sa wa ido, alhali kafin wannan rana ana ɗaukarsa tamkar ƙaramin gyara ne tsakanin mai gida da ɗan kwangila. Dokokin da ke aiki yanzu su ne na 2010, waɗanda aka kafa bisa Dokar Gini ta 1984, kuma gwamnati na fayyace su a cikin takardun jagora da aka rarraba bisa haruffa: sashe na A kan ƙarfin gini, na B kan gobara, na F kan shige da ficen iska, na J kan murahu da na'urorin ƙona makamashi, na K kan kariya daga faɗuwa da rauni, na L kan tattalin makamashi, na M kuma kan sauƙin shiga gida. Mai gida yana da hanya biyu ta cika doka. Yana iya neman sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma ya zo ya duba aikin, ko kuma ya ba da aikin ga kamfanin da ke da rajista da wani tsari irin su FENSA, wanda ƙungiyar masu sana'ar gilashi ta Birtaniya ta kafa a 2002, ko Certass, inda kamfanin da kansa ke shaida cewa aikinsa ya dace da doka. Hanya ta biyu ita ce mafi yaɗuwa, kuma ita ta ɗora nauyin fassara doka kacokan a wuyan mai awo, wato ma'aikacin da kamfani ke turawa gidan bayan an ƙulla ciniki, kafin a aika da oda masana'anta.

Abin da bango ke ɓoyewa

Tambayar farko da ke gaban mai awo ba ta shafi tef ba tukuna, domin sai ya san irin bangon da yake aunawa kafin lambobinsa su yi ma'ana. Gidajen Ingila suna ɗauke da tarihin dokokinsu a jikinsu. Bayan babbar gobarar Landan ta 1666 hukumomi sun tsananta kan katakon da ke fuskar gini, har dokar 1709 ta wajabta a janye firam ɗin taga inci huɗu zuwa ciki daga fuskar bango, sannan ta 1774 ta ƙara da cewa a ɓoye akwatin firam ɗin a bayan jan bulo. Wannan salo ya bazu nesa da Landan, kuma sakamakonsa shi ne a yawancin gidajen ƙarni na 19 buɗin da ake gani daga waje ya fi na ciki ƙunci, saboda akwai kogo a gefe da gefe inda ƙarafan nauyi masu ɗaga tagar ke hawa da sauka. Wanda ya auna daga waje kawai zai yi odar firam da zai bar rami a bayansa, wanda kuwa ya auna daga ciki kawai yana iya kawo firam da bulo zai rufe masa gefuna. Shi ya sa ƙa'idar aiki ke neman a auna ta fuska biyu, a kuma ɓamɓare ɗan filasta ko katakon ado idan ya zama dole domin a ga inda ainihin bulo ya tsaya.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne batun linta, wato dogarin kankare ko ƙarfe da ke ɗauke nauyin bangon da ke saman taga. A gidaje da dama da aka gina a tsakiyar ƙarni na 20, magina sun jera bulon fuskar waje kai tsaye a kan firam na katako ba tare da linta ba, katakon kuma ya yi shekaru da dama yana riƙe da nauyin ba tare da kowa ya lura ba. Firam na roba mai tauri da ake kira PVC-U ba a ƙera shi don ɗaukar kaya ba, saboda haka idan aka sa shi a gurbin katakon sai bulon ya sakko a hankali, tsaga mai kama da matakala ta bayyana a saman tagar, ita kanta tagar ta fara cijewa. Haka lamarin yake ga tagogin da ke turo ciki waje daga jikin gida, waɗanda sau da yawa ke ɗauke da rufi ko ma bangon bene, kuma dole a tanadar musu ginshiƙan ƙarfe a kusurwoyinsu. Duk wannan hukunci ne na sashe na A, kuma lokacin gano shi shi ne ranar awo, domin linta da ginshiƙi suna canza girman firam da kuɗin aiki duka. A wannan zagayen ne kuma ake neman alamun asbesto a allunan da ke kewaye da taga, tunda sai a 1999 Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya.

Awo da rarar da ake bari

Shi awon kansa bayaninsa gajere ne. Ana auna faɗi a sama da tsakiya da ƙasa, a auna tsayi a hagu da tsakiya da dama, a ɗauki mafi ƙanƙanta a kowanne, sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarori biyu domin a gane ko buɗin ya karkace. Daga lambar da aka samu ake rage wata rara, wadda ga farin firam na roba mai matsakaicin girma takan kai milimita 10, ga mai duhun launi kuma milimita 15. Dalilin bambancin shi ne robar na miƙewa da kimanin milimita 0.07 a kowace mita idan zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, kuma baƙin firam ya fi fari shan rana nesa ba kusa ba; firam mai tsawon mita 2 da zafinsa ya sauya da digiri 40 zai motsa fiye da milimita 5. Idan rarar ta yi kaɗan firam ɗin zai tanƙware, idan ta yi yawa kuma abin toshe kafar ba zai riƙe ba, ruwa da sanyi su samu hanya.

Sharaɗin kada a bar gida baya da yadda aka same shi

Dokokin 2010 ba su tilasta wa tsohon gida ya kai matsayin sabo ta kowace fuska ba, amma ƙa'ida ta 4 ta shardanta cewa bayan an gama aiki ginin kada ya zama ya fi rashin cika doka a kan yadda yake a da. Ma'anar wannan ga mai awo tana da girma, domin ma'aunin da za a gwada sabuwar taga da shi, a wurare da yawa, ita ce tsohuwar tagar da ake shirin fasawa.

Misali mafi bayyana shi ne tagar tsira daga gobara. Sashe na B ya ce tagar da mutum zai iya fita ta cikinta, a ɗakin benen da bai wuce mita 4.5 daga ƙasa ba, dole buɗinta ya kai murabba'in mita 0.33, faɗi da tsayi kowanne kada ya gaza milimita 450, kuma ƙasan buɗin kada ya haura milimita 1100 daga daɓen ɗaki. Abin lura shi ne 450 sau 450 bai kai 0.33 ba, saboda haka taga mai faɗin milimita 450 tana buƙatar tsayin kusan milimita 735. Tsofaffin tagogin ƙarfe sirara ne, sababbin firam na roba kuwa masu kauri ne, ga shi kuma maƙalai na zamani sukan zame da marfin tagar zuwa tsakiya yayin buɗewa, su cinye wani yanki na hanyar fita. Ta haka tagar da a da take fitar da babban mutum sai ta koma ba ta fitar da yaro, duk da cewa ramin bangon bai canza ba ko da milimita ɗaya. Maganin shi ne a zaɓi maƙalin da ke buɗe marfi gaba ɗaya ko a sake tsarin rabon tagar, kuma dukansu a takardar awo ake rubuta su. Mai karatu da ya saba da gidajen Kano ko Kaduna, inda sau da yawa ake walda ƙarafan tsaro a kan kowace taga ba tare da barin ko guda mai buɗuwa ba, zai gane muhimmancin wannan tanadi ba sai an tsawaita ba.

Sashe na K ya ware wuraren da gilashi zai iya yanka mutum idan ya faɗa kansa: a taga, duk gilashin da ke ƙasa da milimita 800 daga daɓe, a ƙofa kuwa, duk wanda ke ƙasa da milimita 1500, har da na gefenta idan yana cikin tazarar milimita 300. A irin waɗannan wurare sai gilashin da aka gasa don ya marmashe ba tare da kaifi ba, ko wanda aka manne da leda a tsakiyarsa. Ga ƙofar shiga kuma, sabon firam bai kamata ya ƙuntata hanya ko ya ɗaga dokin ƙofa fiye da na da ba, domin keken guragu da ƙafar tsoho su ne ke fara jin 'yan milimitocin da aka ƙara.

Tsakanin tsare ɗumi da barin iska

Inda aikin mai awo ya fi wuya shi ne inda sassa biyu na doka ke jan igiya. Sashe na L yana auna ingancin taga da abin da ake kira ƙimar U, wato yawan ɗumin da ke tsiyaya ta kowace murabba'in mita idan bambancin zafin ciki da na waje ya kai digiri ɗaya. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon kyan tagar. Gilashi falle ɗaya yana kusa da 5. Iyakar da doka ta sa wa tagogin sauyi na roba ta kasance 2.0 a 2002, ta sauko zuwa 1.6 a 2010, sannan ta koma 1.4 daga ranar 15 ga Yuni 2022. Sabuwar taga mai gilashi ruɓi biyu da roba a gefunanta tana cika wannan sharaɗi, amma tana kuma toshe kafofin da tsohuwar ke shigo da iska ta cikinsu ba da niyyar kowa ba. Tururin girki da wanka da numfashi da shanyar tufafi a cikin ɗaki, wanda a da yake silalewa waje, sai ya koma ya zauna a kan bango mafi sanyi, danshi ya taru, fumfuna ta biyo baya. Hukuncin mai binciken musabbabin mutuwa da aka bayar a 2022, kan wani yaro ɗan shekara biyu da ya rasu a Rochdale a 2020 sakamakon daɗewa yana shaƙar fumfuna a gidan haya, ya nuna wa jama'ar Ingila cewa danshin ɗaki yana iya kisa.

Gyaran da aka yi wa sashe na F, wanda ya fara aiki rana ɗaya da na L, ya fuskanci wannan matsala kai tsaye. Idan tsohuwar taga tana da ƙaramar kafar iska a samanta, dole sabuwar ta zo da wadda ba ta gaza ta ba. Idan ba ta da ita, jagorar ta ɗauka cewa sauyin zai ƙara toshe gidan, don haka ta nemi a sa kafa mai murabba'in milimita 8000 a ɗakunan zama da kicin, da mai 4000 a banɗaki, sai fa idan akwai na'urar zuƙe iska mai aiki ba tsayawa ko wani tanadi da ya wadatar. Ta kuma fayyace cewa kulle taga a ɗan buɗe ba ya maye gurbin kafar. Masu gidaje da yawa ba sa son waɗannan kafofi, suna ganin sun biya kuɗi mai yawa don korar sanyi da ƙarar titi sai ga shi an huda musu firam, kuma kamfanin da ke tsoron rasa ciniki yana iya karkata ga son ran mai gida. Ƙorafin yana da tushe, domin kafar na rage wani abu daga ribar sabuwar tagar, amma amincewar mai gida ba ta ɗauke wa kamfani wajibcin doka, kuma wanda zai shaƙi iskar ɗakin nan da shekara goma ba lallai ne ya zama wanda ya sa hannu a takardar ba. Mafi tsanani daga wannan shi ne ɗakin da ke da murhun gas mai jan iskar ƙonawa daga cikin ɗaki, inda wani lokaci kafar da ke ciyar da shi tana jikin tagar da za a cire. Rufe ta na iya haifar da taruwar iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma sashe na J ya hana hakan.

Raunin tsarin shaidar kai

Bayan an kammala aiki, ana sanar da ƙaramar hukuma cikin kwana 30, mai gida kuma ya karɓi takardar shaida wadda lauyoyi kan nema idan an tashi sayar da gidan. Sai dai masu kula da tsare-tsaren rajistar wani kaso kaɗan na ayyuka suke zuwa dubawa, kuma ko sun zo, tsohuwar tagar ta riga ta tafi juji. Mai duba zai iya auna buɗin sabuwar taga, ya karanta tambarin da ke kusurwar gilashi, ya ƙirga kafofin iska, amma ba shi da hanyar sanin faɗin hanyar tsira ta da, ko sanin cewa akwai kafar murhu da aka shafe, sai ta abin da mai awo ya rubuta ko ya ɗauka a hoto. Takardun awo da yawa an tsara su ne don amfanin masana'anta, suna da gurbin faɗi da tsayi da launi da ɓangaren da marfi zai buɗe, alhali sharaɗin ƙa'ida ta 4 yana buƙatar gurbi na biyu a gefen kowane ɗaya, inda za a rubuta buɗin tsohuwar taga, da kafofinta, da tsayin dokin ƙofar da aka tarar, da abin da ke riƙe da bulon da ke sama.