Tsakanin Barkwanci da Wariya: Matsalar Fayyace Zagin Yanki a Filayen Ƙwallon Italiya

Tsakure

Hukumomin ƙwallon ƙafa sun saba rarraba zagin 'yan kallo bisa abin da aka zagi mutum da shi. In launin fatarsa aka taɓa, sai a ce wariya ce. In garinsu aka taɓa, sai a ce adawar wasa ce kawai. Wannan maƙala ta ɗauki rikicin da ya tashi a Italiya tsakanin 2013 da 2014 kan dokar wariyar yanki domin ta nuna raunin wannan rabo. Ta aro ma'auni daga wasan barkwanci: zagin da za a iya rama shi da irinsa daban yake da wanda ba ya ramuwa. A kan wannan ma'auni, abin da ake yi wa mutanen Napoli ya fi kusa da kukan birin da ake yi wa baƙaƙen 'yan wasa fiye da ba'ar da ke tsakanin garuruwa maƙwabta.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya saba zama a gidan kallo ranar da Napoli ta je baƙunci arewacin Italiya ya sha jin wata waƙa tana tashi daga bayan raga, ko da bai san abin da ake cewa ba. Roƙo ake yi dutsen Vesuvio, mai aman wutan nan da ke gefen birnin Napoli, ya wanke mutanen garin da wuta. Wata kuma tana kiran su masu kwalara, waɗanda girgizar ƙasa ta ci, waɗanda ba su san sabulu ba. Ba ƙirƙira aka yi ba: annobar kwalara ta auka wa birnin a 1973, girgizar ƙasar Irpinia ta 1980 kuma ta kashe fiye da mutum 2,000 a yankin.

A 2013 hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta tsananta hukunci kan wariya: laifin farko a rufe ɓangaren fili, na biyu a rufe filin gaba ɗaya. Hukumar Italiya, FIGC, ta ɗauki tsarin, sai dai a kundinta akwai kalmar da ta haɗa da asalin yankin mutum. Cikin makonni kaɗan da fara kakar wasa aka rufe bayan ragar AC Milan saboda waƙoƙin zagin Napoli, a watan Oktoba kuma aka yanke mata hukuncin buga wasa ba 'yan kallo, kafin daga baya a jingine shi. Adriano Galliani, jagoran ƙungiyar a lokacin, ya ce babu inda aka san wannan laifi sai Italiya. Magoya baya 'yan ga-ni-kashe-ni, waɗanda ake kira ultras, suka ajiye gabar da ke tsakaninsu suka haɗa kai a kan dokar. A watan Agustan 2014, kwanaki kaɗan bayan Carlo Tavecchio ya zama shugaban FIGC, aka cire yanki daga sashen da ke hukunta wariya, aka mayar da shi ƙaramin laifi. Tavecchio ɗin nan shi ne wanda UEFA ta dakatar na wata shida saboda maganar cin ayaba da ya yi a kan 'yan wasan Afirka lokacin neman kujerar.

Tambayar maƙalar ita ce: dokar ce ta yi kuskure da ta kira zagin yanki wariya, ko masu cire ta ne suka yi kuskure? Amsar da zan kare ita ce dukansu, kuma kuskure iri ɗaya.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariyar launin fata ta lissafa jinsi, launi, zuriya, da asalin ƙasa ko ƙabila. Dokar Mancino ta Italiya ta 1993 ta bi kusan wannan layi, ta ƙara addini. Babu yanki a cikinsu. A Birtaniya, rahoton Macpherson na 1999 ya ɗora ma'anar a kan yadda wanda aka yi wa abin, ko wani da ya gani, ya ɗauke shi. Wannan yana da amfani wajen karɓar ƙorafi, amma ba ya taimaka wa mai yanke hukunci ya raba waƙa da waƙa. Back, Crabbe da Solomos (2001) sun yi aiki mai kyau da suka nuna wariya a fili ba sana'ar 'yan daba masu tsattsauran ra'ayi kaɗai ba ce. Ba ni da ja da su.

Da Alessandro Dal Lago nake da magana. Littafinsa na 1990, Descrizione di una battaglia, ya kafa ra'ayin da har yau yake da mabiya: fili dandalin al'ada ne, inda ake kwaikwayon yaƙi tsakanin aboki da abokin gaba na tsawon minti casa'in, kuma abin da baki ya furta a can ba lallai ya zama aƙidar mai furtawa ba. Akwai gaskiya a ciki. Mutumin da ya gama zagin wani gari ranar Lahadi yana iya kwana ɗaki ɗaya da matarsa 'yar garin. Matsalar ita ce, wannan bayani yana wanke kowa. A watan Satumban 2019, bayan an yi wa Romelu Lukaku kukan biri a Cagliari, magoya bayan ƙungiyarsa ta Inter da kansu suka rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa suna cewa ya fahimta, ba wariya ba ce, dabara ce ta rikita abokin hamayya, su ma suna yi. Ban ce Dal Lago ya amince da wannan ba. Abin da nake cewa shi ne, ra'ayin da ba zai iya bambanta kansa da wannan wasiƙa ba, da sauran aiki a gabansa. Idan komai wasa ne, me ya sa ba a taɓa yi wa farin ɗan wasa kukan biri ba? Zaɓin makami ma magana ne.

Masu nazarin tarihin kudancin Italiya sun fi masana ƙwallo kusantar amsar. Littafin da Jane Schneider ta tace a 1998 da na Nelson Moe na 2002 sun bi diddigin yadda aka ƙera siffar kudancin Italiya a matsayin wata duniya ta daban, amma ba su shiga fili ba.

3.0 Dabarun Bincike

Na karanta hukunce-hukuncen ladabtarwa na gasar Serie A da rahotannin jaridu kan fitattun al'amura daga 2005 zuwa 2019, na kwatanta kalmomin zagin da tarihin da ke bayansu. Ma'aunin na ɗauko shi daga wasan barkwanci, wanda Radcliffe-Brown ya yi rubutu a kansa a 1940, wanda kuma UNESCO ta sanya na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014.

4.0 Zagin da Ba Ya Ramuwa

Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayanin barkwanci. Bakano ya haɗu da Bazazzagi, ko Bafillace da Babarbare, kowa ya kira ɗan'uwansa bawansa, a yi dariya, a rabu. Mai kallo daga waje zai ce an ci mutunci. Abin da ya hana ya zama cin mutunci shi ne kalmar tana tafiya ta dawo da nauyinta ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa rasa gidan haya ko aiki don an kira shi haka.

Italiya tana da irin wannan, har suna da suna gare shi, campanilismo, wato kishin hasumiyar cocin garinku. Pisa da Livorno tsakaninsu bai wuce tafiyar rabin awa ba. Akwai tsohuwar magana a yankin cewa gara gawa a gida da mutumin Pisa a ƙofa, mutanen Pisa kuma amsarsu a shirye take: Allah ya cika maka burinka. Magana ta je, ta dawo. Dokar 2013 ta ɗauki wannan ta saka kwando ɗaya da waƙar Vesuvio, kuma a nan masu adawa da ita suka sami abin riƙewa. Suna da gaskiya cewa filin da aka hana ba'a ya zama maƙabarta.

Zagin Napoli daga wata rijiya yake fitowa. A 1860, ana gab da haɗe ƙasar, Luigi Carlo Farini, wanda aka tura ya riƙe kudu, ya rubuta wa firaminista Cavour cewa abin da ya tarar ba Italiya ba ce, Afirka ce. Cesare Lombroso da almajirinsa Alfredo Niceforo suka ba wannan raini rigar ilimi, har Niceforo ya wallafa littafi a 1898 yana raba ƙasar gida biyu bisa jini, kudu a ƙasa. Antonio Gramsci ya yi ƙorafi a 1926 cewa an cusa wa ma'aikatan arewa cewa kudu dutse ne a ƙafar ƙasa saboda halittar mutanenta. A shekarun 1950 da 1960, lokacin da 'yan kudu suka yi ta kwarara Turin neman aiki a masana'antar Fiat, sun tarar da sanarwa a ƙofofin gidaje cewa ba a ba ɗan kudu haya. Kalmar terrone, wadda tushenta ƙasar noma ce, ta zama ashar. Mai karatu ɗan arewacin Nijeriya da ya taɓa jin yadda ake jefa masa "aboki" a wasu tashoshin kudu ya san yadda kalma mai kyau take ruɓewa a bakin mai raini. A 2009 an ɗauki hoton bidiyon Matteo Salvini na jam'iyyar Lega Nord yana rera waƙar warin mutanen Napoli a taron jam'iyya, ba a fili ba. Daga baya ya zama mataimakin firaminista.

To, a auna. A shekarun da Maradona ya kai Napoli ga kofin 1987, an sha tarbar magoya bayanta a arewa da ƙyalle mai yi musu maraba da zuwa Italiya. Su ma ba kurame ba ne. Sun taɓa mayar wa Verona da martani cewa Giulietta, yarinyar labarin soyayyar da garin ke tinƙaho da ita, 'yar duniya ce. Martanin ya yi daɗi, har yau ana tuna shi. Amma bai fitar da mutumin Verona daga ƙasarsa ba. Ɗan Napoli zai iya zagi, abin da ba zai iya ba shi ne ya ce wa ɗan Milan kai ba ɗan ƙasa ba ne, kai ƙazami ne mai ɗauke da cuta, maganar ta zauna, domin babu shekaru ɗari da hamsin na littattafai da ƙofofin haya da za su riƙe mata ƙugu. Wannan ne Maradona ya taɓo kafin wasan kusa da ƙarshe na Kofin Duniya na 1990 a Napoli, da ya tuna wa mutanen garin cewa sai ranar da ake buƙatarsu ake tuna su 'yan Italiya ne.

Daren 26 ga Disamban 2018 a filin San Siro ya haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya. Inter ta karɓi Napoli. Daga bayan raga ɗaya, a wasa ɗaya, aka yi ta zagin mutanen Napoli, aka kuma yi ta yi wa Kalidou Koulibaly, ɗan Senegal mai tsaron baya, kukan biri. Kocin Napoli, Carlo Ancelotti, ya ce sau uku suka nemi a tsayar da wasa. Ba a tsayar ba. Koulibaly ya tafa wa alƙalin wasa tafin gatse, aka ba shi jan kati, Inter ta ci 1-0. Hukuncin da ya biyo baya, wasa biyu ba 'yan kallo, ya jera laifi biyu daban: waƙoƙin cin mutunci masu tushen yanki, da waƙar wariya mai tushen jinsi. A takarda an raba su. Amma in aka tona kayan cikin buhunan biyu, abu ɗaya ne: ƙazanta, cuta, dabbanci, rashin zama ɗan ƙasa. Tun Farini, zagin ɗan kudu shi ne a kira shi ɗan Afirka. Zagin na ɗauke da wariyar launin fata a cikinsa tun kafin baƙin ɗan wasa ya shigo fili, kuma da jagoran magoya bayan Verona ya ce a 2019 Mario Balotelli, baƙin ɗan wasa haifaffen Palermo, ba zai taɓa zama cikakken ɗan Italiya ba, tsohon ƙyallen maraba ya sake ɗagawa.

Hujjar da aka fi kawo mini ita ce ta Oktoban 2013, lokacin da magoya bayan Napoli da kansu suka ɗaga ƙyalle suna kiran garinsu mai kwalara, suna ƙalubalantar hukuma ta rufe musu fili. Ai ga shi, masu abin ma sun ce wasa ne. Ban karɓa ba. Ultras na Napoli ƙungiya ce mai kare filinta daga hukuma, ba wakilan leburan da aka hana ɗaki a Turin ba ne. Kuma wanda ya ɗauki zaginsa ya rataya a wuya yana nuna ya gaji da jin zafinsa ne. Bai ba wani izinin ci gaba ba.

Rabon hukuma ya kan jawo wani abin kunyar kuma. A Afrilun 2017 Sulley Muntari, ɗan Ghana, ya kai ƙorafi ga alƙalin wasa a Cagliari, aka ba shi katin gargaɗi, ya fice daga fili, aka dakatar da shi wasa ɗaya kafin a janye. Cagliari ba a taɓa ta ba, wai masu zagin ba su wuce goma ba. Hukumar da ba ta da ma'aunin nauyin magana, ƙirga bakuna ya rage mata.

5.0 Iyakar Bincike

Dole a amsa cewa aikin ya tsaya kan rubutattun bayanai na ƙasa ɗaya, kuma masu son hira da 'yan kallo za su ce ba a ji ta bakinsu ba, ko da yake sun rubuta wasiƙu da ƙyallaye isassu. Ma'aunin ramuwa kuma bai kama komai ba. A Ingila magoya bayan Manchester United na rera waƙa kan mutum 97 da turmutsutsun Hillsborough na 1989 ya kashe, na Liverpool na mayarwa da hatsarin jirgin Munich na 1958. Magana ta je ta dawo daidai, kuma ba mai hankalin da zai kira ta barkwanci. A 2023 masu gabatar da ƙara na Ingila sun sa irin wannan ƙarƙashin laifin tayar da hankalin jama'a, ba wariya ba, kuma a ganina can ne muhallinsa.