Daga Kusugu zuwa Sabke: Tarihin Ruwa a Ƙasar Daura

Tarihin Daura da rijiya ya fara. Labarin da aka gada ya ce a zamanin Magajiya Daurama, macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Wani zai ce wannan almara ce, ba hujja ba. To, ko da almara ce, abin da al'umma ta zaɓi riƙewa shekaru aru-aru yana nuna abin da ya fi damun ta: ruwa yana nan, isa gare shi ne ya gagara.

Bayan farin 1973 da ya halaka dabbobi da amfanin gona a Arewa, taimako ya riƙa shigowa. A 1987 aka fara shirin dashen itatuwa na Katsina da tallafin Ƙungiyar Tattalin Arzikin Turai (EEC), daga baya aka gina madatsar Sabke, sannan a 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa. Masu cewa ƙarancin damina ne tushen matsalar ruwa suna da gaskiyarsu, domin Daura na bakin Sahel. Sai dai fari ba ya lalata famfon burtsatse. Rashin mai gyara ne ke kashe shi. Saboda haka duk aikin ruwan da za a kawo, a sa dagatai, masu unguwanni da matan da ke ɗiba cikin tsara shi, a kuma ware kuɗin gyara tun ranar farko.